Ta ina sirrin yaro yake yoyo? Daga sitatus ɗin uwa zuwa shagon caji

Ranar farko ta komawa makaranta, duba sitatus ɗin mutanen da ke cikin wayarka. Za ka ga yarinya 'yar shekara shida an tsayar da ita a bakin ƙofar gida, sanye da yunifom, bajon makaranta a ƙirji ana iya karanta shi, lambar gida ta fito a bayanta, a ƙasa kuma an rubuta cikakken sunanta da ajin da ta shiga, da addu'ar Allah ya ba da sa'a. Wanda ya sa hoton ba shi da wata niyya sai farin ciki. Amma hoton nan guda ɗaya ya ba duk wanda ya gani abu huɗu: fuskar yarinyar, sunanta, inda take kwana da inda take yini, da lokacin da take fita. Waɗannan huɗun su ne jarin duk mai mugun nufi da yaro, ko ɗan damfarar da zai kira uwa ya ce daga makaranta ne 'yarki ta faɗi a turo kuɗin asibiti, ko wanda zai tare ta a hanya ya kira sunanta ya ce Baba ne ya aiko shi.

Mutane da yawa idan aka ce kare sirrin yara a intanet, sai hankalinsu ya tafi ga wani gwanin kutse da ke zaune a wata ƙasa. Akwai shi, amma ba shi ne babbar ƙofa ba. Sirrin yaro a wajenmu ya fi fita ta hannun na gida: sitatus ɗin iyaye, zauren makaranta na WhatsApp, wayar da kowa ke ɗauka a gida, shagon caji, da teburin mai gyara. Kuma ba lokaci guda yake fita ba, guntu-guntu ne, sai wani ya zauna ya harhaɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu fara da hoton kansa. Ba dole sai an daina ɗaukar yara hoto ba, abin da ake so shi ne kada abubuwan nan huɗu su haɗu wuri ɗaya. In fuska ta fito, kada bajo ko allon makaranta ya fito. In an rubuta suna, a bar shi a sunan gida, ba sunan da ke rajista ba. In ana son sa hoton walimar sauka ko na yawon sallah, a sa bayan an dawo gida, ba ana tsaka da abin ba, domin hoton da aka sa nan take yana cewa ga inda muke yanzu, kuma gidanmu babu kowa. Hoton wanka, na kan fo, na jariri tsirara ranar suna, na yaron da aka yi wa kaciya, waɗannan kam babu dalilin da zai sa su hau kowane shafi. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yawaita, hoton fuska na mutunci ma ana iya ɗora shi a kan wani jiki, balle wanda dama tsiraici ne.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Kyamarar waya takan manna wa kowane hoto bayanin ranar da aka ɗauka, irin wayar, kuma idan an bar lokeshan a kunne, har da daidai wurin da aka tsaya, kusan a iya gane gidan. WhatsApp yana goge wannan bayanin idan aka tura hoto yadda aka saba, amma idan aka tura shi a matsayin Document don kada ingancinsa ya ragu, kamar yadda masu ɗaukar hoton biki da masu neman aiki suke yi, to da bayanin yake tafiya. Haka ma ta imel ko Xender. Maganin kuwa minti ɗaya ne: a buɗe kyamara, a shiga saitinta, a kashe abin da aka rubuta Location ko Location tags. A yi haka a wayar uwa da ta uba da ta yaron.

Sitatus kuma mutane suna ɗauka cewa tunda awa 24 yake yi ya ɓace, to ya wuce ke nan. Duk wanda kuka ajiye lambar juna yana gani, ciki har da mai kawo ruwa, tela, tsohon direba, da wanda kuka yi ciniki sau ɗaya shekara uku da suka wuce. Kowannensu na iya ɗaukar hoton allon, ko ya sauke da manhajar ajiye sitatus. A cikin Privacy, a ƙarƙashin Status, akwai zaɓi uku, na ukun shi ne Only share with. A zaɓi mutum goma ko ashirin na jiki, a sa hoton yara, sannan a mayar da shi yadda yake idan za a tallata kaya. Abin lura shi ne canjin ba ya shafar abin da aka riga aka ɗora, don haka kafin a ɗora ake canzawa.

Takardu ma sun shiga wannan layi. Duk lokacin da sakamakon JAMB ko WAEC ko NECO ya fito, sai shafuka su cika da hotunan takardar gaba ɗaya: suna, hoto, lambar jarrabawa, wani lokaci da ranar haihuwa da jihar asali. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma lambar wayar da aka yi rajistar da ita ce ke karɓar saƙonnin ɗalibin har ya samu gurbi. Wanda ya riƙe lambar rajista da suna yana da abin da zai kira iyaye ya ce shi ma'aikaci ne, zai ƙara maki ko ya samo gurbi a jami'a, kuma za a yarda da shi saboda ya faɗi abin da ake zaton na ciki ne kawai ya sani. In farin ciki ya sa dole a nuna, a yanke hoton ya rage makin kaɗai. Takardar NIN mai lamba 11, takardar haihuwa, fasfo, katin asibiti, ba a ɗora su ko an rufe rabinsu da yatsa. Kuma duk wanda ya kai yaro kafe aka yi masa rajista, ya tsaya ya ga an fita daga imel ɗin yaron, an goge hotunan takardun daga kwamfutar da kwandon shararta. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin mai kafe ya buɗe wa yaro imel da kalmar sirrin da shi ya zaɓa, ko ya sa lambar wayarsa a madadin ta iyaye. Shekara biyu bayan haka sai a rasa yadda za a shiga.

Ƙaryar shekarun haihuwa

Nan ne nake ganin an fi yin asara ba tare da an sani ba. Facebook, Instagram, TikTok, Snapchat da WhatsApp duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Lambar nan ba daga binciken tarbiyya ta fito ba, ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira COPPA, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da izinin iyaye. Kamfanonin suka ga ya fi musu sauƙi su ce yaran kada su shigo. Yaro kuma da aka tambaye shi shekarar haihuwa sai ya murza ta koma 1998 ko 2000, ko yayansa ya buɗe masa, ko mai shagon da aka sayi wayar ya buɗe da nasa son ran.

Matsalar ita ce duk kariyar da aka gina wa matasa a kan shekarar nan take rataye. A TikTok, tun farkon 2021 shafin ɗan shekara 13 zuwa 15 a rufe yake zuwa, sai wanda ya amince da shi ne zai ga bidiyonsa, ba ya iya aika saƙon sirri ko karɓa sai ya kai 16, daga ƙarshen 2022 kuma ba ya yin shirin kai tsaye sai ya kai 18. A Instagram, daga Satumban 2024 aka fara shigar da 'yan ƙasa da 18 cikin tsarin da suka kira Teen Accounts: shafi a rufe, saƙo daga waɗanda yake bi ko suke da alaƙa kawai, tunatarwa bayan minti 60, da kashe sanarwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, kuma ɗan ƙasa da 16 ba ya sassauta waɗannan sai da izinin iyaye. Yarinyar da take da shekara 14 amma shafinta ya ce 25, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya hau kanta. A wajen manhajar babbar mace ce, kowane ƙato na iya aiko mata saƙo.

Saboda haka kafin a taɓa kowane saiti, a zauna da yaron a duba ranar haihuwar da ke kan kowane shafi, har da na Google da aka buɗe wayar da shi. In ƙarya ce a gyara. Wasu manhajojin sai an rubuta musu ko an nuna shaida, kuma idan gaskiyar ta nuna bai kai 13 ba za su rufe shafin. A sauke hotunan da ake so tukuna, sannan a bari su rufe. Sau da yawa buɗe sabo da shekarun gaskiya ya fi sauƙi.

Kada kuma a ɗauka kamfanonin nan don Allah suka sa kariyar. Tara ce ta koya musu. A 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Musical.ly, wanda ya koma TikTok, dala miliyan 5.7, ta kuma ci Google da YouTube dala miliyan 170 a shekarar, duk a kan bayanan yara. A 2022 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci Instagram yuro miliyan 405, kuma dalilin ya kamata kowane uba ya sani: matasa suna mayar da shafinsu na kasuwanci don su riƙa ganin yawan masu kallonsu, sai lambar wayarsu da imel ɗinsu su fito fili. Yaranmu ma suna yin wannan, musamman 'yan mata masu sayar da turare, hijabi ko kayan fulawa. In yarinya na sana'a, lambar da za ta sa a shafi ta zama ta uwa ko wani layi daban na kasuwa, kada a sa adireshin gida, kuma mai karɓar kaya ya haɗu da babba. A 2023 hukumar ta Ayalan ta kuma ci TikTok yuro miliyan 345. Ostireliya ma ta gaji da tara, ta yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 riƙe shafi a manyan dandalin sada zumunta, ta fara aiki ranar 10 ga Disamba, 2025.

Saitin da ya kamata a yi da zama ɗaya

A WhatsApp, wanda shi ne ya fi kowanne shiga gidajenmu, a shiga Settings, sannan Privacy. Hoton fuska, About da Last seen duk a mayar da su My contacts. A wurin Groups ma haka, domin idan aka bar shi a Everyone, duk wanda ya samu lambar yaro na iya jefa shi cikin kowane irin zaure ba tare da tambaya ba. A ƙarƙashin Calls a kunna Silence unknown callers. Sai a koma Account a kunna Two-step verification, a sa lamba shida da ba shekarar haihuwa ba ce, a haɗa da imel ɗin da iyaye ke iya buɗewa. Wannan ne ke tare damfarar nan da ta zama ruwan dare, inda wani zai kira ya ce daga zauren makaranta ko na islamiyya ne, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, karanto. Lambar nan ita ce makullin shafin. Wanda ya karɓe ta ya gaji duk zaurukan yaron da lambobin abokansa, ya fara roƙon kuɗi da sunansa. A gaya wa yaro ƙarara: lambar da ta shigo ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko da muryar malaminsa ce.

GBWhatsApp da 'yan'uwansa, wato jabun WhatsApp, a cire su. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, babu wanda ya san inda saƙonnin ke bi, kuma kamfanin kan rufe lambar da ya kama da su. Sannan yaro ya san cewa irin waɗannan manhajojin suna ajiye saƙon da aka goge da hoton da aka turo a gani sau ɗaya. Ko babu su ma, waya ta biyu ta isa a ɗauki hoton allon ta farko. Abin da aka tura zarar bunu ne.

A TikTok akwai Family Pairing a cikin Settings and privacy. Uwa ko uba sai sun buɗe nasu shafin, su zaɓi Parent, yaron ya zaɓi Teen, a haska lambar QR daga waya zuwa waya. Daga nan ana iya ƙayyade lokaci, a taƙaita saƙonni da bincike. A kashe Suggest your account to others da haɗa lambobin waya, in ba haka ba duk mai lambar yaron zai ga an nuno masa shafinsa. A Snapchat abu na farko shi ne taswira: a kunna Ghost Mode, a zaɓi har sai an kashe, ba na awa uku ko yini ɗaya ba.

Ga yaron da bai kai 13 ba kuma aka ba shi waya ko tablet na Android, manhajar Family Link ta Google kyauta ce. A wayar iyaye ake sa ta, a buɗe wa yaron nasa akawun da shekarunsa na gaskiya. Tana sa duk manhajar da zai sauke daga Play Store sai an amince, tana kulle wayar lokacin barci, tana nuna inda wayar take, tana kuma hana sa manhajar da aka turo daga waje, wanda a wajenmu shi ne babbar hanya, tunda yara da Xender suke raba wasanni don tsimin data. Ba ta nuna abin da yake rubutawa. Inda take lalacewa shi ne idan wayar tana ɗauke da akawun ɗin babba tun farko, ko kuma yaron ya san lambar buɗe wayar uwarsa, sai ya amince wa kansa.

Sai izinin manhajoji. A Tecno, Infinix, itel ko Samsung sunan wurin kan ɗan bambanta, amma a rubuta Permission a wurin binciken saiti za a same shi. A duba su wa ke da izinin lokeshan, kyamara, makirufo da lambobin waya. Wasan tseren mota ba shi da abin yi da lambobin wayar gida, tocila ba ta buƙatar makirufo. Manhajojin ba da bashi su ne misali mafi muni: sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobi da hotuna su yi ta tozarta wanda ya kasa biya, har Google ta hana su wannan izinin a Play Store a 2023. Wanda aka turo daga waje kuwa babu ruwansa da wannan hani, kuma idan wayar uba ce da yara ke amfani da ita, hotunansu da lambobin abokansu na ciki.

Wayar da ta bar hannu

Wannan ɓangaren ba za ka same shi a shawarwarin da ake rubuta wa Turawa ba, domin su ba sa kai waya caji. A nan kuwa waya kan yini a shagon caji, ta je wajen masu tura fina-finai da karatu, ta kwana wajen mai gyara. Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne masu neman halak, amma shago ba mutum ɗaya ba ne, akwai yaran shago da 'yan zaman hira. Wayar da ba ta da makulli, minti biyu sun isa a tura hotunan cikinta, ko a haɗa WhatsApp ɗinta da wata na'ura ta yadda za a riƙa karanta saƙonni daga nesa. WhatsApp na ba da damar haɗa na'ura har huɗu. Don haka a riƙa duba Linked devices, duk abin da ba a gane ba a fitar da shi.

Kafin a kai caji a kashe wayar gaba ɗaya, ta ma fi saurin cika. Makullinta ya zama lamba shida, ba zanen L ko Z da kowa ke iya hangowa ba. Kafin a kai gyara a cire layi da memori. Canjin gilashi, batir ko wurin caji ba ya buƙatar a ba da lambar buɗewa, in mai gyara zai gwada, a buɗe masa a tsaya a wurin. Sababbin wayoyin Samsung suna da Maintenance mode da ke ɓoye komai lokacin gyara. In tura fim ko karatu za a yi, a kai memori daban wanda babu komai a ciki.

Idan za a sayar da waya ko a ba wani, goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai wadatar ba, domin sukan zauna a kwandon shara kusan kwana 30. A fita daga akawun ɗin Google tukuna, sannan a yi mata wankin gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani. Memori kuwa kada a haɗa da shi, don ana iya dawo da abin da aka goge a cikinsa da manhajoji na kyauta. Layin da yaro ya daina amfani da shi ma abin lura ne: in ya daɗe a ajiye kamfani zai sayar wa wani, sabon mai shi kuma zai iya karɓar lambar shiga duk shafin da aka buɗe da layin. A canza lambar a shafukan kafin a jefar da shi.

Makarantu da masu neman taimako

Zauren iyaye na makaranta kan ɗauki mutum ɗaruruwa, kowa na ganin lambar kowa. A nan ne ake jefa sakamakon aji gaba ɗaya, da jerin sunayen yaran da ba a biya musu kuɗin makaranta ba, da bidiyon yaron da aka hukunta. Wannan tozarci ne, kuma ya saɓa wa doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce a sashe na 31 sai da izinin iyaye ko mai riƙo za a sarrafa bayanan yaro inda ake buƙatar izini, ta kuma ba mutum damar neman a goge bayanansa, da kai ƙara ga hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta ambaci haƙƙin yaro na sirri. A Nijar hukumar HAPDP ce ke wannan aiki. Uba yana da hurumin rubuta wa makaranta cewa bai yarda a sa hoton ɗansa a allon talla ko shafin Facebook ba, kuma ya fi kyau a yi shi a rubuce tun ranar rajista. Shugaban zaure kuma ya kunna amincewa da sababbin shiga, ya sabunta mahaɗin gayyata duk zangon karatu, ya cire iyayen da 'ya'yansu suka tashi, sakamako kuwa a tura wa kowa nasa.

Wani abin da ya fi wannan ciwo shi ne hoton yaro mara lafiya da ake yawo da shi don neman taimako, tsirara a gadon asibiti, da sunansa da unguwarsu da sunan cutar. Ko marayu da almajirai da ake jerawa riƙe da ledar abinci ana ɗauka. Niyyar na iya zama mai kyau, amma yaron zai warke ya girma, ya nemi aure, hoton yana nan. Ana iya rufe fuska, a sakaya suna, a nuna takardar asibiti ga wanda ya zo da gaske kawai. Kuma irin waɗannan hotunan ne 'yan damfara ke ɗauka su canza lambar asusu su ci gaba da karɓar kuɗi shekara da shekaru. Yaron da iyayensa ba sa kusa ba wai ba shi da sirri ba ne, mai tsaya masa ne babu.

Idan an riga an kama yaro

Salon masu yi wa yara barazana da hoton tsiraici ya kusan zama ɗaya a ko'ina. Sabon shafi da hoton budurwa ko saurayi, yabo, hira ta kwana biyu ko ma awa biyu, sai a ce mu koma WhatsApp ko Snapchat, sai a turo hoto a ce kai ma turo naka. Da ya tura sai murya ta canza: ga jerin 'yan'uwanka da abokanka, turo kuɗi ko katin waya, ko ƙarin hotuna, in ba haka ba kowa zai gani. Samari ake fi nema da kuɗi, kuma su ne suka fi yin shiru. A watan Maris na 2022 wani ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa cikin 'yan awoyi bayan an yi masa haka a Instagram. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas da ke da hannu a lamarin aka miƙa wa Amurka a 2023, aka yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi a Satumban 2024. A watan Yulin shekarar kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya masu alaƙa da wannan sana'a. Wanda ya iya yi wa ɗan Amurka da Turanci, yi wa ɗan Kano ko Maraɗi da Hausa ba zai ba shi wuya ba.

Ba a biya, domin biya na farko shaida ce cewa akwai na biyu. A daina amsawa, amma kada a goge hirar. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar, sunan shafin, lambar waya da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi. Hoton tsiraicin kansa kada a tura wa kowa, ko da dangi ne don neman shawara, domin yaɗa irinsa laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Sannan a kai rahoton shafin a cikin manhajar, a toshe shi, a rufe shafin yaron, a canza kalmomin sirri. A kai ƙara ga cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Akwai kuma shafin Take It Down mai hana yaɗa hoton tsiraici, na cibiyar kare yara ta Amurka, NCMEC, kyauta, don hotunan da aka ɗauka kafin mutum ya kai 18, kuma daga kowace ƙasa ana iya amfani da shi. Hoton ba ya barin wayar, wata lamba ce ta musamman ake cirowa daga jikinsa a ba dandali irin su Facebook, Instagram da TikTok su tare shi idan an yi yunƙurin ɗorawa. Ba ya kaiwa ga saƙonnin WhatsApp saboda a kulle suke, kuma ba a sauko da hoto ko a nemi a turo shi don kawai a shigar.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan yaron bai faɗa ba, kuma abin da ke hana shi faɗa sananne ne: duka, gori, da ƙwace waya. Mai barazanar da tsoron nan yake aiki, ya san yaro ya fi tsoron Baba a kan shi. Don haka tun kafin komai ya faru ya kamata yaro ya ji daga bakin iyaye cewa in wani abu ya rikice a waya, ko da shi ne ya yi wautar, ya zo, za a fara da kashe wutar kafin a yi maganar laifi. In kunya ba za ta bari ya tunkari uwa ko uba ba, a nuna masa wani babba, yaya, gwaggo ko kawu, a ce ga wanda za ka gaya wa.

Shi ya sa ban ga amfanin manhajojin leƙen asiri da ake sa wa a wayar matashi a ɓoye ba. Suna kwashe saƙonni da hotunan yaron su ajiye a rumbun wani kamfani da ba a sani ba, kuma an sha yi wa irin waɗannan kamfanonin kutse bayanan su watsu. Ranar da ya gano kuwa, zai nemi waya ta biyu a wajen aboki, wadda ba a san da ita ba sam. Ɗan shekara takwas ba shi da buƙatar sirri daga iyayensa a waya: a falo zai yi amfani da ita, iyaye sun san lambar buɗewa, ta kwana a ɗakinsu. Ɗan shekara goma sha shida kuwa sa ido a kansa a fili ake yi, ya san abin da ake dubawa da dalili. A sa rana, ko da farkon kowane hutun makaranta ne, a zauna tare a bi jerin mabiyansa a cire waɗanda bai sani ido da ido ba, a duba na'urorin da ke haɗe, a sake duba saiti, domin sabunta manhaja kan kawo sabon zaɓi a buɗe. A wannan zaman, iyaye su ma su miƙa tasu wayar, yaron ya nuna hotunansa da yake so a sauke.